Kaya 17 a Kan Tebur, Jaka Babu Kuɗi

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa, ta karanta a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya Shugaba, ina gaisuwa. Sakatariya da ma'aji, sannunku da ɗawainiya. Iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana.

Da aka ce ni zan yi magana yau, sai da na ce wa Hajiya a nemi wata. A cikinku akwai waɗanda suka fi ni jari, akwai waɗanda suka riga ni zama a kasuwa da shekaru. Ta ce ai ba wa'azi aka ce ki yi ba, labarin littafin nan naki za ki ba mu. To ga shi na rubuto da hannuna, kwana shida ina yi ina gogewa. In kun ji na yi tuntuɓe a karatu ku yi mini uzuri, ban daɗe da fara riƙe biro ba.

Ni a talla na tashi. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kuma ba Ringim masarautarta, ina 'yar shekara goma ina yawo a tasha da farantin ƙuli-ƙulin Innata. Duk abin da na sani na sana'a a wurinta na gani. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga dalilin kaza ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Tana yin gyara, ina yi. Tana ba da bashi, ina bayarwa. Akwai maganar da take yawan faɗa, wai mai sana'a ba ta cewa babu, in an tambaye ki abu yau ba ki da shi, gobe ki tabbata kin saro. Na riƙe maganar nan gam. Wata ta tambayi kanwa, na saro kanwa. Wata ta tambayi omo, na saro omo. Wata ta ce ina ma kina kawo atamfa, na shiga mota na tafi Kantin Kwari.

Bari in karanta muku abin da ke kan teburina a lokacin: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, gishiri, kanwa, magi, manja, omo, sabulu, ashana, taliya, wake, zoɓon sha, da atamfa. Kala 17. Duk wanda ya wuce sai ya ce kai, wance ta yi arziki. Ni ma haka nake ji a raina. Amma in dare ya yi na kwance jaka, sai in ga kuɗin ba su kai wahalar ba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Cewa nake kasuwa ce, gobe za ta yi kyau.

Sai abubuwa suka zo mana a jere, kuma kowa a nan shaida ce. A daminar 2022 ruwa ya ci garin nan da ƙauyukan da ke kewaye. Ni buhunan wakena da na gyaɗa a ƙasa suke, kamar yadda muka saba ajiyewa. Ruwa ya shiga ɗakin, abin da na tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyar nan ce ta ba ni rance na sake tashi, Allah ya saka muku da alheri. Ban gama farfaɗowa ba aka shiga canjin kuɗi. A watan Janairu da Fabrairu na 2023 tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ana gudunsu, sababbin kuma babu su. Kowa ya zo sai ya ce ba ni, in na samu kuɗi na kawo. Sai kuma ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta.

A cikin kwanakin rashin kuɗin nan ne wani abu ya same ni da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wani baƙo ya sayi galan ɗin mai da turmin atamfa ɗaya, ya ce zai yi taransifa. Ya danna waya, ya miƙo mini ya ce Hajiya duba, ya tafi. Na duba. Wallahi ban san me nake dubawa ba. Kunya ta hana ni in ce ban iya karatu ba, sai na gyaɗa kai. Da yamma ɗana ya duba wayata ya ce Umma babu abin da ya shigo. Har yau bai shigo ba.

Wata biyu a jere na kasa biyan kason rancen ƙungiya. Ma'aji ba ta tona mini asiri a taro ba, gida ta biyo ni, ta zauna a kan tabarmata ta ce Yaya lafiya kuwa, ga kaya cike da tebur. Na rasa amsar da zan ba ta, don ni kaina ban sani ba. A satin nan na kai sunana ajin yaƙi da jahilci. Niyyata ɗaya ce, in iya karanta alat, kada a sake yi mini irin ta baƙon nan.

Da muka ɗan iya haɗa baƙaƙe, malamarmu ta ba mu aikin gida, ta ce kowa ta rubuto sunayen abubuwan da ke ɗakinta. Ni sai na rubuto kayan teburina. Ranar ce na fara sanin kala 17 ne. Malama ta duba ta ce, Maman yara, a cikin waɗannan wanne ne yake ciyar da ke? Na ce dukkansu mana. Ta ce to rubuta mu gani. Ta sa na sayi littafi mai shafi 60, ta ja mini layi uku: abin da na saro, abin da na sayar, abin da aka ɗauka bashi. Wata uku ina rubutawa, wani lokaci da fitilar waya, rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda. Abin da littafin nan ya nuna mini shi ne abin da na zo in gaya muku.

Kaya huɗu ne kawai suke kawo riba ta gaske: mai, ƙuli-ƙuli, daddawa da wake. Ku masu yin mai kun san lissafin. In kin soya gyaɗa kin murje kin kai inji, kin dawo kin matse, man shi ke dawo da uwar kuɗi, tunkuzar da kika soya ta zama ƙuli ita ce ribarki. Kuma sau biyu nake juya kuɗin a sati. Atamfa kuwa, ribar turmi ɗaya tana da daɗin ji a kunne, amma akwai turmin da ya yi wata biyar a wurina, da aka saye shi kuma kaɗan-kaɗan aka riƙa biya. Kuɗin da ke kwance a turmin nan, da gyaɗa na saya da su, ku lissafa sau nawa za su juya a wata biyar. Nan na gane ƙaramar riba mai dawowa da wuri ta fi babba mai barci.

Zoɓo kuma ashe ni nake ciyar da shi. Babu wuta, sai na sayi ƙanƙara. Ga sukari, ga citta, ga robobi. Abin da bai ƙare yau ba gobe ya yi tsami, yara su shanye ko a zubar. Su omo da sabulu da taliya da magi, duk sati sai na shiga Kano kasuwar Singa na saro. Me ya sa duk sati? Saboda haka na saba, kuma ina jin daɗin a ce wance ta shiga birni. Da na rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan dako, da na kaya a bayan mota, da ɗan abin da zan ci a hanya, sai na ga ribar a kan titi take ƙarewa. Mai shago da ke saro katan hamsin shi kuɗin motar ba ya yi masa nauyi. Ni mai katan biyu gasa nake da shi ban sani ba. Ga kuma wuni guda da na rasa, wanda da a gida nake da na matse mai.

Sai gyara. Buhun wake kwano 40 ne, kowa ta sani. A littafina kuwa, in na sayar da buhu kwano 37 nake gani, wani lokaci 36. Ina sauran? Tozon da nake yi wa kwano, da hannun da nake ƙarawa, da wanda nake sake ƙarawa in an ce haba Hajiya gyara mana. Kwano uku a kowane buhu, kuma kusan a nan ribar take. Shekara da shekaru ina rabar da ribata da tafin hannuna ina murmushi.

Amma wanda ya fi girgiza ni shi ne layi na uku. Mutum 31 nake bi bashi. Da ɗana ya taya ni tarawa, kuɗin da ke hannun mutane sun fi rancen da ƙungiya ke bina. Kun ji fa. Ina kwana ina juyi saboda na kasa biyan ƙungiya, alhali kuɗin suna nan a cikin unguwa, a tukunyar wasu. Wasu sun manta, wasu suna fatan na manta, wasu kuma ni ce na manta da su sai da na zauna tunani. Mu kan ce bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne. Amma malaminmu na Islamiyya ya taɓa gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Na sha jin haka, ban taɓa ɗauka da mai sayar da daddawa ake ba.

Daga nan na fara yi wa kowane abu tambaya ɗaya: wa ya ce sai an yi haka? In na bi diddigi sai in tarar babu wanda ya ce. Gani na yi ana yi. Innata tana da dalilinta a zamaninta. Lokacin shaguna ba su cika unguwa ba, in ba ta da ashana sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu. Yanzu kowane lungu da shago. Kiɗa ya canza, ni ina ta tsohuwar rawa.

Ban zubar da kaya rana ɗaya ba. Duk wanda ya ƙare a cikin 13 ɗin nan ban sake saro shi ba, kuɗinsa in juya su cikin gyaɗa. Atamfar da ta rage na karyar da ita a kan uwar kuɗi, na huta. Na daina zuwa Kano. Gyaɗa da wake ga su nan kusa da mu a Gujungu, kuma yanzu mu huɗu muke haɗa kuɗi, ɗaya ta je ta saro mana, kuɗin mota a raba huɗu. Wake na koma zuba shi a buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, in kin ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa, ba sai kin sa magani ba. Buhunan kuma a kan katako suke, sama da ƙasa. Ruwan 2022 ya koya mini wannan.

Gyara ban daina ba, don al'adarmu ce kuma tana riƙe mai saye. Amma ta samu iyaka. Kwano a cika shi daidai yadda ake cikawa, ba ƙwange, ba tozo biyu. Wadda ta sayi da yawa in ƙara mata ƙuli biyu ko uku, wanda na san daga ina ya fito.

Bashi kuwa na raba shi gida biyu. Akwai tsofaffi da mata masu riƙon marayu su shida da na san ba su da shi. Na ja layi a kan sunayensu, na je na gaya musu na yafe. Gara in san sadaka na yi in sa rai da lada, da in riƙa ƙirga kuɗin da ba za su dawo ba. Sauran na bi su gida-gida da littafina, cikin mutunci. Na kafa doka: bashi sai an rubuta, da ranar biya, kuma ba a ɗaukar na biyu sai an biya na farko.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. An yi ta magana. Wasu suka ce na karye, shi ya sa tebur ya zama fayau. Wasu suka ce tun da ta shiga boko ta koyi rowa. Akwai masu sayen da suka gudu, musamman masu son haɗa cefane wuri ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Facalata, wadda muke gida ɗaya, wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau saboda na ce mata sai an rubuta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Akwai daren da na ce wa maigida anya ba zan koma yadda nake ba? Ya ce me littafin ya ce? Na ce littafin ya ce in yi haƙuri. Ya ce to ki yi. Yau ita facalar tawa tana zaune a nan, ga ta can tana dariya, kuma ita ma ta sayi nata littafin.

Wata za ta ce, to tunda mai da ƙuli sun fi kawowa, me ya sa ba ki tsaya a kansu kaɗai ba? Na yi wannan tunanin. Abin da ya hana ni labarin kakata ne. Garin nan da gyaɗa aka san shi. Tun wajajen 1930 jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake bi ta nan, ana auna gyaɗa ana lodawa, a Kano ana tara buhuna har su zama dala. Sai fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar nan ta zama labari. Kakata ta ce gidajen da ba su da komai sai gyaɗa su suka fi shan wuya. Shi ya sa na riƙe wake da daddawa. In gyaɗa ta yi tsada da bazara, su suke riƙe ni. Taura biyu ba ta taunuwa, balle 17, amma kuma ba a rataya rayuwar gida a kan igiya ɗaya. Kowa ta nemi adadin da hannunta da lissafinta za su iya riƙewa. Nawa huɗu ne. Na wata zai iya zama biyu, na wata shida.

Akwai abu ɗaya da na bari a ƙarshe don shi ya fi nauyi a zuciyata. 'Yata ta uku, lokacin tana da shekara 11, ita ke yi mini tallar zoɓo da ƙuli. Ranar kasuwa ba ta zuwa makaranta, sauran ranaku kuma a makare take zuwa. Ban taɓa ganin aibun haka ba, ni ma haka na tashi. Da na rubuta abin da take kawowa, na cire wanda ya zube, da canjin da aka cuce ta, da zoɓon da dama asara ne, abin da ya rage bai kai a hana yarinya aji saboda shi ba. Kuma ga ni, uwarta, da furfura ta fara fito mini, ina zaune a benci ina koyon a, ba, ca, saboda farantin da aka ɗora mini. Na ce ba zan ɗora mata irinsa ba. Na sauke mata talla. Yanzu masu shayi da masu tsire da masu shago su ke aiko a auna musu mai da ƙuli daga gida, sari, don sun san kullum akwai kuma ba ya canzawa. Yarinyar tana ƙaramar sakandare. Da daddare ita ke duba mini lissafi, in na yi kuskure ta ce Umma nan ba haka ba ne.

Ban zama attajira ba, kada wata ta zo rance bayan taro. Amma na biya ƙungiya kuɗinta tas. Zubin adashena ba ya makara. Uwar kuɗi tana jaka ɗaya, abin cefane yana wata, ba sa haɗuwa, in na ɗauki ƙuli na ba baƙo sai na rubuta. Kuma in an tambaye ni abin da ba ni da shi, yanzu bakina yana iya cewa babu, je ki wurin wance. Sau da yawa wancen 'yar ƙungiyar nan ce. Ita ta samu ciniki, ni na samu hutu.

Hajiya Shugaba, ki ba ni izini in taɓo mu kanmu, a yi mini afuwa in na wuce gona da iri. Ankon nan da muke sanye da shi ya yi kyau, ni ma ga shi a jikina. Amma duk shekara sai mun fitar da sabo, kuma na san akwai 'yan uwanmu da suka ci bashi suka ɗinka don kada a ga ba su yi ba, alhali zubinsu na baya bai cika ba. Wa ya ce sai an yi anko duk shekara? Ina roƙon shugabanni su sa wannan a ajandar taro na gaba, a tattauna. In an ga a riƙa yi bayan shekara biyu ko uku, kuɗin a zuba su a sarin haɗin gwiwa da kaka lokacin da gyaɗa da wake ke araha, to. In kuma an ga a bar shi yadda yake saboda zumunci, shi ma to, amma ya zama mun zauna mun zaɓa da kanmu.

Roƙona gare ku 'yan uwana, yau in kun koma gida kowa ta ƙirga kayan sana'arta, ta ƙirga masu bashinta. Wadda ba ta iya rubutu ba ta sa ɗanta ko jikanta ya rubuta mata, ko ta riƙa jan layi da gawayi a bango, kafin ta zo aji. Ajin yana nan, bayan la'asar ake shiga, akwai wadda ta girme ni da shekara ashirin a bencinmu. Ku yi wata ɗaya kuna rubutawa, sannan ku zo mu zauna mu duba tare. Duk wadda take so, littafina yana nan a jakata, ta zo ta gani, har da shafukan farko masu rubutun kaza.

Iyayena, in na faɗi abin da bai dace ba ku yafe mini. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya nuna mana ta baɗi lafiya.